Taiwan ta ƙera wa duniya keke, amma ina za ta hau nata?

Akwai wata gada a Taipei, babban birnin Taiwan, da masu ɗaukar hoto ke yi wa sammako. Wajen ƙarfe bakwai zuwa takwas na safe, ma'aikatan da ke kwana a Sanchong, a ƙetaren kogin Tamsui, sukan gangaro daga kanta bisa babura, kafaɗa da kafaɗa, hular kwano na gugar hular kwano, su cika gangaren maƙil suna jiran danja. Da ta ba su hannu sai su kwararo cikin gari kamar an fasa madatsar ruwa. Mutanen wurin ma da ruwa suke kwatanta abin, irin wanda ke zubowa daga kan dutse.

Daga wannan gada tafiyar kamar awa biyu ce a mota zuwa Dajia, a yankin Taichung, inda kamfanin Giant ya tashi, wanda ke sahun farko na masu ƙera keke a duniya. Gaba kaɗan, a Changhua, ga Merida. A Tainan ga KMC, masu sarƙar keke. Duk wanda ya hau keken tsere mai tsada a Turai ko Amurka, da wuya a ce babu hannun Taiwan a jikinsa, ko da sunan wani kamfanin aka rubuta a kai. Amma wannan tsibiri mai mutum kimanin miliyan 23 yana da babura masu rajista wajen miliyan 14. Ka cire yara da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, kusan kowa da nasa ke nan. A Taipei ma, birnin da ya fi sauran tanadi domin keke, cikin tafiya goma da mutane ke yi a rana ko ɗaya ba ta cika a kan keke ba.

To me ya hana? Amsar da aka fi bayarwa ita ce zafi da ruwa. Gaskiya ne Taipei a cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta, zafinta da gumi yake zuwa, ga ruwan sama, ga guguwar teku. Sai dai mai babur ma ruwan na dukansa, rigar leda yake zurawa ya wuce. Cikin garin kuma shimfiɗe yake, ba hawa ba gangara. A ganina maganar ta fili ce. Titi na da iyaka, an riga an rabe shi, kuma ranar rabon ba a kira keke ba. Idan ka bi tarihin da kyau, duk ci gaban da keke ya samu a Taiwan ya same shi ne a inda bai taɓa kason kowa ba. Inda ya taɓa kuwa, sai da aka kai ruwa rana.

Yadda babur ya riga shi zama

Keke ya zauna a Taiwan tun zamanin mulkin Japan, wanda ya ɗauki shekara 50, daga 1895 zuwa 1945. A harshen Hokkien, wanda shi ne na gida ga mafi yawan 'yan tsibirin, ɗaya daga cikin sunayensa shi ne thih-bé, wato dokin ƙarfe, sunan da zai zauna daram a bakin Bahaushe. A Mandarin an fi ce masa jiaotache, abin hawan da ake takawa da ƙafa. Bayan yaƙin duniya na biyu shi ne jakin talaka, da shi ake kai kaya kasuwa, da shi ake zuwa makaranta da gona.

Babur ya fara karɓe wannan matsayi daga shekarun 1960, lokacin da kamfanonin Sanyang da Kymco suka ƙulla da Honda suka soma haɗa babura a gida. Arzikin Taiwan bai tashi a kan manyan masana'antu kaɗai ba. Dubban ƙananan wuraren sana'a ne na iyali, warwatse cikin lunguna da ƙauyuka. A farkon shekarun 1970 gwamnan lardin Taiwan, Hsieh Tung-min, har kira ya yi cewa kowane falo ya zama masana'anta, matan gida su karɓo aikin haɗa kaya su yi a ɗaki. Mutumin da zai ɗauko kaya daga wannan lungu ya kai wancan gari kafin rana ta take, ya biya ya ɗauko yaro a makaranta, babur ne daidai da shi: ba tsada, yana shiga ko'ina, a bakin ƙofa ake jingine shi. Gwamnati kuma ta yi nawa wajen samar da abin da zai maye gurbinsa. Jirgin ƙasa na cikin gari bai fara aiki a Taipei ba sai 1996, a Kaohsiung sai 2008, a Taichung sai 2021. Kafin ya iso, an haifi mutane sun girma sun haifi nasu a kan babur.

Akwai kuma wani fasalin gini da ya ɓoye matsalar shekara da shekaru. Gine-ginen bakin titi da yawa a biranen Taiwan suna da baranda a ƙasa, benen sama ya rufe ta, ana kiranta qilou. An yi ta ne don mai tafiya a ƙasa ya samu inuwa ya tsira daga ruwa. Sai dai filin na mai gida ne, jama'a izinin wucewa kawai gare su. Wannan ya ɗaga daɓensa, wancan ya saukar, mai abinci ya jera kujeru, mai shago ya baje kaya, ragowar wurin kuma babura sun kwanta a kai. Hukuma ta ga akwai baranda, sai ta ɗauka an sallami masu ƙafa, a wurare da yawa ba ta gina musu hanya a gefen titi ba. Mai tura keken jariri ko keken guragu, in ya iso inda aka toshe, dole ya sauka kan kwalta. Garin da bai ware wa ƙafa wuri ba, ina zai ware wa keke?

Masana'antar keken kuwa tun farko waje take kallo. King Liu ya kafa Giant a 1972 tare da abokansa, bayan guguwa ta lalata masa wurin kiwon kifi. A lokacin Amurkawa na rububin sayen keke, kowa a Taiwan ya faɗa sana'ar, kayan kuma ba ƙarko. Waɗanda suka san kasuwannin kayan gyara na Najeriya a shekarun baya za su tuna abin da ake nufi idan mai shago ya ce maka wannan ɗan Taiwan ne. To irin sunan da kekunansu suka fara yi ke nan. Abin da ya fitar da Giant shi ne kwangilar Schwinn, babban kamfanin keke na Amurka, wadda ya samu a 1977. Cikin 'yan shekaru, mafi yawan kekunan da Schwinn ke sayarwa a Taiwan ake ƙera su. Da Schwinn ya juya zuwa Sin neman arha a tsakiyar shekarun 1980, Giant ya riga ya fara buga sunansa a jikin keke tun 1981, sai ya shiga kasuwar Turai da Amurka da ƙafarsa. Schwinn ya karye a 1992.

A wancan lokacin tsibirin na fitar da keke wajen miliyan 10 a shekara. Daga baya masana'antu suka yi ta ƙaura zuwa Sin, har a 2003 Giant da Merida, kishiyoyin juna, suka haɗa kai da masu ƙera kayan haɗi a wata ƙungiya mai suna A-Team, suka ari tsarin aikin Toyota, suka bar wa Sin keken arha suka riƙe mai tsada. Dabarar ta ci. Amma keken da Taiwan ta ƙware a kansa ya zama na mai hali da ke motsa jiki ranar hutu a wata ƙasa. Mai zuwa aiki a Taichung ba ya cikin lissafin.

Kewaya tsibiri

Shi kansa King Liu bai zama mahayin keke na gaske ba sai da ya tsufa. A 2007 aka nuna wani fim mai suna Island Etude, na darakta Chen Huai-en, labarin wani ɗalibi mai matsalar ji da ya goya gita ya kewaye tsibirin a kan keke. Wata magana daga fim ɗin ta shiga bakin mutane, ma'anarta ita ce akwai abin da in ba ka yi shi yanzu ba, ba za ka taɓa yin sa ba. Liu ya kalla yana da shekara 73, ya hau keke ya yi kilomita 927 cikin kwana 15. Ya sake yi yana da 80.

Daga nan huandao, wato kewaya tsibiri, ya zama kamar al'ada. Ɗaliban da suka gama makaranta suna yi, ma'aikatan kamfani suna yi a ƙungiya, uba da ɗa suna yi, masu ritaya suna yi. Ofisoshin 'yan sanda da dama a kan hanya sun zama zango, mahayi ya tsaya ya cika gorar ruwa ya buga wa taya iska. A ƙarshen 2015 gwamnati ta buɗe hanyar keke mai lamba ɗaya da ta zagaye tsibirin, sama da kilomita 900, da alamominta.

Abin ya wuce nishaɗi, kuma sai an san tarihin wurin ake gane dalili. A zamanin dokar soja, daga 1949 zuwa 1987, gaɓar teku da tsaunuka wurare ne da ba a shiga yadda aka ga dama, sai da izini. A makaranta kuma koguna da lardunan babban yankin Sin ake haddatar da yaro, ya san su fiye da kogin da ke bayan gidansu. Wanda ya taso a haka, ranar da ya taka feda ya bi gaɓar gabas ta Hualien da Taitung, ya ratsa garuruwan 'yan asalin tsibirin, ya ga gonakin shinkafa da idonsa, ƙasarsa yake koya da cinyoyinsa. Tun 2006 wasu 'yan boko, cikinsu har da masanin lissafi Huang Wu-hsiung, suka fara wani gangami na neman a samar da doguwar hanya ta masu ƙafa da masu keke da za ta kewaye tsibirin, wadda injin ba zai shiga ba. Son keke da son ƙasa sun haɗu a nan, shi ya sa babu ɗan siyasar da zai ƙi a ɗauke shi hoto a kan sirdi. Ko Wen-je, lokacin yana magajin garin Taipei, a 2016 ya tuƙa keke daga ƙurewar arewacin tsibirin zuwa ƙurewar kudu, kilomita 520, cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi.

A Taipei an shimfiɗa hanyoyin keke sama da kilomita 100 a bakin kogunan Tamsui da Keelung da Xindian. Suna da kyau matuƙa, ba mota ba babur, ga ciyawa ga filayen wasa. Amma duba inda suke: bayan katangun da ke tare ambaliya, a filin da ba a gini a kansa don ruwa na cinye shi in guguwa ta zo. Ta wasu ƙofofi a jikin katangar ake shiga. Hanyoyin suna zagaye garin ne, ba su ratsa shi. An ba keke wannan fili ne saboda ba mai so. Ranar Lahadi ya yi daɗi, ranar Litinin kuwa ofishinka ba a bakin kogi yake ba.

Keken haya

Abin da ya shigo da keke tsakiyar gari shi ne YouBike. Bahaushe ya san keken haya, yaro ya miƙa kuɗi ya yi 'yan zagaye mai keke na duba agogo. Wannan ma haka yake, sai dai gari guda ne filin, kuma ba dole ka mayar da shi inda ka ɗauka ba. Gwamnatin birnin Taipei ce ta haɗa kai da Giant aka fara gwaji a 2009, da tashoshi 11 da keke 500, duk a unguwar Xinyi. Bai karɓu ba. Tashoshin na kusa da juna a unguwa ɗaya, yin rajista kuma aiki ne, to ina amfanin keken da ba zai kai ka inda za ka ba? A 2012 aka sake lale. Aka baza tashoshi a bakin ƙofofin jirgin ƙasa da makarantu da kasuwanni, aka mayar da rajista ta lambar waya da katin EasyCard, wanda dama da shi mutane ke biyan kuɗin jirgi da bas, aka kuma ce minti 30 na farko kyauta ne. Bayan haka dalar Taiwan 10 a kowane rabin awa, kuɗin na ƙaruwa in ka riƙe shi ya wuce awa huɗu. Wajen dalar Taiwan 30 ke yin dalar Amurka ɗaya, ka ga ba wani kuɗi ba ne. Tsarin farashin da kansa yana gaya maka abin da ake so: ɗauki, je ka, ajiye wa wani.

Sai abin ya kama kamar wutar daji. Keken ba na gayu ba ne. Mai nauyi ne, da kwando a gaba, da fitila, da sirdin da ake ɗagawa a sauke, tsakiyarsa a buɗe yadda mai siket ko tsoho zai hau ba wahala. Masu hawa har sun saba da wata alama a tsakaninsu: in ka ga keke a tasha an juya sirdinsa baya, to yana da matsala, kada ka ɗauka, masu gyara kuma sun san shi za su nufa. A 2015 aka soke kyautar minti 30 a Taipei aka sa dala 5, a Fabrairun 2024 magajin gari Chiang Wan-an ya dawo da ita. A 2020 aka fito da sabon samfuri, YouBike 2.0, wanda na'urar ke jikin keken tana cin hasken rana, turken ajiyewa ba ya bukatar a ja masa wuta. Wannan ƙaramin sauyi ne a ido, amma shi ya sa ake iya dasa tasha a ɗan lungun da da ba za a iya ba. Kaohsiung da Taichung da Taoyuan da wasu biranen duk sun ɗauka. Ƙorafin da aka fi ji yanzu na nasara ne: da safe ka zo ba keke, ko ka isa ba turken da za ka ajiye, motoci na ta jigilar kekuna daga inda suka taru zuwa inda suka ƙare.

An gwada wata hanyar ma. A 2017 kamfanin oBike na Singafo ya zubo kekuna marasa tasha, ka ajiye duk inda ka ga dama. Suka cika wuraren ajiye babura da gefen titi, jama'a suka fusata, hukumomi suka yi ta kwashewa, ba a jima ba kamfanin ya durƙushe. Keken bai fi na YouBike muni da yawa ba. Laifinsa ya zauna a wurin wani.

YouBike ya warware matsalar mallaka, da ta sata, da ta wurin ajiyewa a gidan bene marar fili. Ya warware tazarar da ke tsakanin tashar jirgi da ƙofar gida. Abin da bai warware ba shi ne inda tayar za ta taka. A dokar Taiwan keke na cikin rukunin abubuwan hawa masu jinkiri, wurinsa layin gefe. A wannan layi babura ke gudu, a nan bas ke ratsowa ya sauke fasinja, a nan mai mota ke tsayawa ya kunna fitila ya shiga shago, a nan ƙofar mota ke buɗewa ba zato. Gaba kura baya sayaki. Sai mai keke ya haye hanyar masu ƙafa, inda a manyan titunan Taipei da yawa doka ta yarda masa, nan kuma shi ne ya zama kurar, tsofaffi na tsalle gefe in sun ji ƙararrawa. Zaman kashin dankali ke nan, babba na danne ƙarami har zuwa ƙasa.

An taɓa gwada yanka wa keke kaso daga kwaltar kanta. A 2009, zamanin magajin gari Hau Lung-bin, aka ware layin keke a titin Dunhua, ɗaya daga cikin manyan titunan birnin. Direbobi suka yi ca, masu tasi suka ce sun rasa wurin sauke fasinja, jaridu suka yi ta nuna layin ba kowa a kai, cikin 'yan shekaru aka soke shi. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka shi ne kada ka taɓa layin mota. Da Ko Wen-je ya zo da tsarin manyan tituna shida, uku a tsaye uku a kwance, sai aka bi ta faɗaɗa hanyar masu ƙafa a zana wa keke layi a kanta. Ko hakan ma, inda aikin ya ci wani ɓangare na kwalta, kamar titin Fuxing, sai da aka sha surutu kan cunkoso. A 2016 kuma Taipei ta karɓi babban taron duniya na masu tsara birane domin keke, Velo-city, karo na farko a nahiyar Asiya.

Kada a ɗauka masu babur na jin daɗi. Su ma suna da nasu kukan, kuma suna da ƙungiyoyin da suka daɗe suna fafutuka. A tituna da yawa an hana su layin ciki, an bar wa motoci. A manyan mararrabu ba su juya hagu kai tsaye, sai su tsallaka su tsaya cikin wani akwati da aka zana a kwalta, su jira danja ta biyu. Hukuma ta ce don kare su ne, su kuma suna cewa an matse su ne a gefe tare da bas da motocin da aka ajiye. Kowa ka tambaya a titin Taiwan, shi ne wanda aka zalunta, kuma ban da mai mota kusan kowa na da gaskiya.

Daga goyon keke zuwa fadar shugaban ƙasa

Mutanen Taiwan ba baƙin fita titi ba ne, kuma keke na cikin labarin tun farko. A ranar 20 ga Maris 1949, 'yan sanda a Taipei suka tare wasu ɗalibai biyu, ɗaya daga Jami'ar Taiwan ɗaya daga kwalejin horon malamai, saboda sun yi goyo a keke ɗaya. Aka doke su aka tsare. Ɗalibai suka yi dafifi a ofishin 'yan sanda, washegari suka yi maci. Gwamnatin jam'iyyar Kuomintang, wadda a lokacin ke shan kashi a hannun 'yan kwaminis a babban yankin Sin, ta ga hannun abokan gaba a ciki. Ranar 6 ga Afrilu sojoji da 'yan sanda suka kewaye ɗakunan kwanan ɗalibai suka kwashe fiye da 100. A watan Mayu aka kafa dokar soja, ba a ɗage ta ba sai Yulin 1987, shekara 38.

Duk abin da 'yan tsibirin ke tinƙaho da shi yau na 'yanci, a titi aka ƙwato shi. Mutanen garin Lukang sun hana kamfanin DuPont kafa masana'antar sinadarai da zanga-zangar da suka fara a 1986, tun dokar soja na aiki. Ɗalibai sun yi zaman dirshan a 1990 suna neman a sake zaɓen majalisa. A 1996 aka yi zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye na farko. A 2014 ɗalibai suka mamaye zauren majalisar dokoki sama da mako uku kan wata yarjejeniyar kasuwanci da Sin. Shi kansa titin da ke gaban fadar shugaban ƙasa, da sunansa addu'ar tsawon rai ce ga Chiang Kai-shek, tsohon shugaban ƙasa. A 1996 magajin gari Chen Shui-bian ya sauya masa suna zuwa Ketagalan, sunan ƙabilar da ta fara zama a kwarin Taipei, aka kuma cire allunan da suka hana babur da keke bi ta wurin.

Abin mamaki shi ne yadda mutanen da suka iya fita kan nukiliya da kasuwanci da filaye suka daɗe suna ɗaukar mutuwar titi a matsayin ƙaddara. Wajen mutum 3,000 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a Taiwan. Japan ta ninka ta biyar a yawan jama'a, amma adadin nata bai yi nisa da wannan ba. Mafi yawan matattun masu babur ne, samari da tsofaffi.

Abin da ya farkar da mutane ya zo ta hanyar da ba a zata ba. A Disambar 2022 tashar CNN ta wallafa rahoto kan titunan Taiwan, ta ari sunan wani shafin Facebook da ke kiran tsibirin jahannamar masu tafiya a ƙasa. Ƙasar da ke kishin mutuncinta a idon duniya, wadda ke neman abokai ido rufe saboda matsin lambar Sin, maganar ta soke ta. A ƙarshen watan, bas ya take wata uwa da jaririnta suna tsallaka titi a Taichung. A watan Mayun 2023, a Tainan, mota mai juyawa hagu ta buge wata uwa da 'yarta mai shekara uku a kan zanen tsallakawa, yarinyar ta rasu. Mutane suka fara fitowa a birane daban-daban, yawancinsu matasa da iyaye waɗanda suka san juna ta intanet, ba 'yan wata jam'iyya ba. Suka kafa ƙawance da sunan Vision Zero, manufar da Suwidin ta fara a 1997, wadda ke cewa ɗan Adam zai yi kuskure ko ta yaya, don haka titin ne za a tsara yadda kuskure ba zai zama ajali ba.

Ranar 20 ga Agustan 2023 dubban mutane suka cika titin Ketagalan cikin ruwan sama, da taken a mayar wa jama'a hanya. Sun nemi a rage mutuwar masu ƙafa da rabi kafin 2030, a kawar da ita kafin 2040. Zaɓe na tafe a Janairu, don haka masu neman shugabanci, Lai Ching-te da Hou Yu-ih da Ko Wen-je, duk sai da suka hallara. Tun ƙarshen Yuni an riga an ɗaga tarar direban da ya ƙi tsaya wa mai tsallaka titi zuwa dalar Taiwan 6,000. A Disamba majalisa ta zartar da babbar dokar kiyaye haɗurran hanya, a 2024 kuma ta ƙara wata da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin gina hanyoyin masu ƙafa.

Ba keke aka fito nema ba a wannan rana, amma ni ina ganin ta fi duk wani taron keke amfani ga mai keke. Abin da masu gangamin ke so, wato a rage faɗin layin mota, a gyara mararrabu yadda mai juyawa zai rage gudu dole, a kwashe ababen hawa daga baranda, a gina hanya ta gaske maimakon koren fentin da ake shafawa a gefen kwalta, shi ne dai rabon filin da aka gudu daga gare shi a titin Dunhua. Masu keke su kaɗai ba su da yawan da za su tilasta shi, kuma ana yi musu kallon masu wasa. Mai ƙafa kuwa kowa ne, har direban da ya fito daga motarsa.

Ja da baya ma bai jima ba. Direbobin tasi da na manyan motoci suka koka cewa sabon tsarin cire maki da rahoton da jama'a ke kai wa 'yan sanda da hoton waya zai raba su da abincinsu, gwamnati ta sassauta wasu sassan a 2024, masu fafutuka suka ce an yi ba a yi ba. A unguwanni kuma rigimar ta koma ƙofa ƙofa: ana zuwa gina hanyar masu ƙafa, masu shaguna su ce ina abokin ciniki zai ajiye babur, mai unguwar da su suka zaɓe shi ya tsaya a tsakiya yana lissafin ƙuri'a. Wani titin a gina, wani a fasa.

Goyon da aka doki ɗalibai a kansa a 1949 har yanzu laifi ne in babba ka ɗauko. Na yara kuwa sai a Maris 2020 doka ta halatta shi, da sharaɗin mai tuƙin ya kai shekara 18, keken da kujerar yaron kuma su zama masu shaidar inganci. Kafin wannan rana, uwar da ta ɗora ɗanta a bayan keke zuwa makarantar rainon yara ta karya doka, a tsibirin da ya shekara kusan 50 yana sayar wa duniya keke.